Makirufo a Tsakar Gidan Hajiya Tabawa

Sunana Rabe, amma in ka shigo Ƙanƙara ka tambayi Rabe, za a ce maka wanne daga ciki. Ka ce Rabe Mai Ƙaho, nan take za a nuna maka gidana a Hayin Ɗorawa, can bayan rafi. Ƙahon kuwa ba na sa ba ne. Lasifikar nan ce mai faɗin baki da ake ɗaurawa a kan sanda ko reshen bishiya. Da ita na ci, da ita na aurar da 'ya'ya, tun gashina yana baƙi.

Na ji abin da ku samarin yanzu kuke faɗa. Wai aikinmu ba aiki ba ne, ka jona waya ka murɗa, shi ke nan. Ku da kuke jan akwatin kiɗan nan mai taya da fitilu masu walƙiya, ku haɗa shi da wayar hannu ku koma gefe kuna latse-latse, ku gyara zama in ba ku labari. Ƙarfe kowa zai iya saye. Sanin wanda za ka miƙa wa makirufo, da lokacin da za ka karɓe, shi ne ba a kasawa a kasuwa.

A Faskari na koya, wurin Malam Idi Mai Rediyo, Allah ya jiƙanshi. Na je da ƙarfina, har gemu ya fara fito mani, ina ganin cikin sati biyu zan gama. Wata shida bai bar ni na taɓa amfilifaya ba. Waya kawai nake naɗewa. Ya warware ta a tsakar shago ya ce in naɗe, in na gama ya kama bakinta ya jefa, in ta harɗe ko sau ɗaya sai ya ce, "Sake." Daga nan ya koya mani liƙi da dalma, da ƙarfen da muke gasawa a garwashi saboda babu wutar lantarki. Sai naɗin zaren tagullar da ke cikin ƙaho, wanda ya fi gashin kai siranta. In ya ƙone ka cire, ka naɗa sabo zagaye-zagaye, wani bai hau wani ba, kana riƙe da numfashi. Sannan ya koya mani iska. In mun isa wurin taro ya tsinki ciyawa ya saki, ya ga inda ta nufa, kafin ya ce a kafa sanda. In ƙaho ya fuskanci iska, na gaba su kurmance, na baya su ce ba su ji komai ba. Kuma ba ka tsayawa da makirufo a gaban ƙaho, in ba haka ba ya yi kukan nan da ke firgita jarirai, kaji su watse.

Aikin farko da ya bar mani ni kaɗai, walimar aure ce a 'Yankara, ranar kasuwa, gari cike. Na kafa komai daidai, malami ya yi wa'azi ya sauka, aka kawo abinci. Na aje makirufo a cinya na jawo kwano. Loma ɗaya na yi na ce wa na kusa da ni, "Wannan miya kam an yi mata rowar gishiri, naman ma sai wanda Allah ya ba." Sai na hango 'yan kasuwar hatsi can nesa sun juyo gaba ɗaya. Ashe ban kashe ba. Uwar amarya ta aiko mani da gishiri cikin murfin kwano har inda nake zaune, ta ce a gaishe da mai lasifika. Kafin in koma Faskari labari ya riga ni isa. Malam Idi bai yi faɗa ba. Dariya ya yi har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Rabe, makirufo ba shi barci. Ko kai ka yi, shi idonshi biyu."

Da ya sallame ni, ya ba ni ƙaho ɗaya da tsohuwar amfilifaya, na dawo gida na nemi batirin mota. Tun daga nan babu inda ban kai su ba. Na ɗaure ƙaho a bayan babur na zaga ƙauyuka ina shelar rigakafi. Na yi cigiyar yaro, na yi cigiyar jaki, kuma jakin aka riga gani. Na yi bikin Maguzawa a wani ƙauye bayan Faskari, inda makaɗa suka ce in kashe abina su nuna mani ƙara, suka kuwa nuna mani. Na yi Kirsimeti a cocin wani ƙauye ta wajen Sabuwa, na yi Maulidi, na yi saukar karatu. 'Yan siyasa kuwa su suka fi kowa cin batir, don in ɗayansu ya riƙe makirufo sai ka yi kamar waya ta tsinke kafin ya saki.

Amma aikin da nake so ku ji shi ne taron sabuwar shekara na unguwarmu. Hayin Ɗorawa a gefen gari take, rafi ya raba mu da cikin Ƙanƙara. Da rani yashi ne, ka taka ka wuce. Da damina in ruwa ya sauko, sai ka tsaya a gaɓa kana kallon gari kamar wata ƙasa. Kowace shekara, satin farko na Janairu, an gama kai amfanin gona gida, 'yan unguwa da ke aiki Kaduna da Abuja sun zo hutu, ƙungiyar ci gaban unguwa takan tara magidanta a gindin ɗorawa. Kowa ya faɗi abin da yake ganin ya kamata a yi wa unguwa a shekarar. Ni ke yawo da makirufo tsakanin tabarmi. Sakatare ya rubuta, a yi addu'a, a watse, littafi ya koma akwati sai baɗi.

Sai aka shiga shekarun nan da ba a son tunawa, lokacin da ɓarayin daji suka matsa. Aka rufe kasuwanni, aka yanke layin waya, biki ya koma ɗaurin aure a zaure mutum goma. Taron unguwa ma ya tsaya. Ƙahonina uku suna rataye a ɗaki har zanzaro ya yi gini a cikin biyu, ɓeraye suka yanyanka mani wayoyi. Na koma gona da gyaran tocila. Mutane suka riƙa tahowa daga ƙauyukan wajen 'Yargoje da tabarmi a kai, mafi yawansu a Hayinmu suka sauka, don nan ne ke da fili. Da yake babu waya, ƙahona ya zama wayar unguwa. Mutum zai zo ya ce, "Malam Rabe, mun rabu da iyalina a hanya, ka kira mani sunanta." In hau babur in yi ta kira har murya ta dushe. Wasu an gan su, wasu har yau. Wannan aikin ban taɓa karɓar komai a kai ba, kuma ba na so in ƙara yin irinshi.

Da abubuwa suka ɗan lafa, ƙungiya ta ce a dawo da taro. Saura sati ɗaya, ina ƙofar gida ina kakkaɓe gidan zanzaro daga ƙaho, sai ga Hajiya Tabawa da sandarta. Ita ce ungozomar unguwa. Rabin mutanen Hayi ita ta yanke masu cibi, har da shugaban ƙungiya, Alhaji Lawal dillalin hatsi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi wayoyin da ke zube ta ce, "Rabe, wayar taka tsawonta nawa?"

Na ce, "Gwargwado dai, Hajiya. Mi za a yi?"

"Za ta kai daga gindin ɗorawa zuwa tsakar gidana?"

Na gane inda ta dosa. Mata ba sa zuwa taron. Daga cikin gidaje suke jin ƙaho yana kawo masu surutun mazajensu, ba su da ta cewa. Na ce, "Alhaji Lawal ya sani?"

Ta ce, "Zai sani ranar."

Alhaji Lawal ne ke haɗa ni da yawancin bukukuwan da nake samu, ga shi yanzu ne kasuwa take son tashi. In ya juya mani baya, ƙahonin nan za su koma wa zanzaro. Amma matar da ta karɓi haihuwar 'ya'yana takwas tana tsaye a kaina, ta dogara sanda tana jira. Na ce mata zan auna.

Taku ɗari da ashirin na ƙirga. Babu wayar da ta kai rabin haka, sai guntayen da ɓera ya bar mani. Kwana uku ina feƙe baki ina liƙi da dalma, guntu bakwai, kowace mahaɗa na naɗe ta da roba. Ga abin da ba ku sani ba: wayar makirufo in ta yi tsawo sai ta zama eriya. Ina jonawa don gwaji, sai ga mutum yana karanta labaran duniya a cikin ƙahona, tiryan-tiryan, har da sakamakon ƙwallo. Na nemo guntun rodi na kafa a ƙasa mai laima bayan makewayi, na ɗaura mashi waya daga jikin amfilifaya, mai labarai ya yi shiru. Na bi da wayar ta kan katangu, ta bayan rumbun wani, na zura ta rariyar gidan Hajiya. Da yake ba na shiga cikin gidan, a zaure na koya mata. Yatsu huɗu tsakanin baki da makirufo. Ba a hura shi, ba a ƙwanƙwasa shi. Na ce in ta ji na yi tari sau biyu a ƙaho, layinta a buɗe yake.

Ranar taro tun hantsi gindin ɗorawa ya cika, har da waɗanda suka taso daga ƙauyuka. An daɗe ba a haɗu ba, kowa bakinshi cike. Alhaji Lawal ya buɗe taro cikin babbar riga, na fara yawo.

Malam Sani tela ne ya fara. Ya ce a gina wa unguwa ƙofa irin ta manyan garuruwa, a rubuta barka da zuwa Hayin Ɗorawa, a sa mata fitila mai launi. Wani daga baya ya ce, "Wa zai zo?" Tela ya ce in an gina za a zo. Wani ma'aikaci da ya zo hutu daga Abuja ya ce shi shataletale yake so a tsakiyar unguwa, da furanni. Aka tambaye shi motoci nawa ke shigowa Hayi. Ya ce ɗaya ce, ta Alhaji. Aka ce to wa za ta kauce wa? Ya ce, "Ta riƙa zagayawa dai, don kwarjini." Har Alhaji Lawal sai da ya rufe baki da hannun riga.

Wani ya ce a sa wa lunguna suna. Nan take wa da ƙane suka miƙe, kowa yana cewa lungun da ke tsakanin gidajensu sunanshi za a sa. A irin wannan wurin ake gane mai sana'a. Ba ka kashewa, don za a ce ka ɗauki ɓangare. Rage murya kake yi a hankali, a hankali, har su ga su kaɗai suke jin kansu, su zauna. Samari suka ce gidan kallon ƙwallo. Wani ya ce fitilar sola a kowace kwana, wani ya ce a dasa darbejiya a bakin hanya, wani ya ce a yi wa 'yan kabu-kabu tudun rage gudu a gaban makaranta. Mai shayi ya karɓi makirufo ya ce awaki sun addabi unguwa, a gina masu gidan yari, duk akuyar da aka kama tana yawo ta kwana uku a ciki. Bai rufe baki ba aka nuna mashi akuyarshi tana cin gefen tabarmar Liman. Ya dube ta ya ce, "To a fara da ita."

Can gefe wani dattijo ya ɗaga hannu, ya daɗe a sama ba wanda ya kula. Na tsallake mutum biyar na kai mashi. Malam Ɗanjuma ne, Kirista, cikin waɗanda suka taso daga wajen 'Yargoje. Ya ce shi abu ɗaya yake roƙo a sabuwar shekara: a daina ce masu baƙi. Ya ce, "Mun binne mutum a nan, mun haifi mutum a nan. In ana aikin unguwa a kira mu." Liman ya ce wannan gaskiya ne, aka ce sakatare ya rubuta.

Rana ta take tsaka, Alhaji Lawal ya karɓi makirufo ya ce shawarwari sun yi kyau, za a duba, Liman ya rufe mana da addu'a. Na matsa kusa da shi kamar mai gyara waya, na yi tari sau biyu, na koma na murɗa layi na biyu.

"Salamu alaikum, mazan Hayi."

Kowa ya ɗaga kai yana duban ɗorawa. Wasu suka amsa sallamar ba su san wa suke amsa wa ba. Alhaji ya ce, "Rabe, mi ne ne wanga? Rediyo ce ta shigo?"

Na ce, "A'a, Alhaji. Hajiya Tabawa ce."

Ya ce, "Kashe." Ya manta makirufo yana hannunshi, maganar ta fita har bakin rafi.

Hajiya ba ta jira ba, ta ɗauko salatin Annabi, dogo, tana ja. Na ɗora hannu a kan amfilifaya na ce, "Alhaji, salati take. In kashe?" Kafin ya ba ni amsa Liman ya amsa salatin, taro duka ya ɗauka. Da ta kai ƙarshe ta ce, "Lawal, na ji ka. Ranar da ka zo duniya kwana ka yi kana tsala ihu, ban ce a kashe ba. Zauna." Alhaji ya duba dama, ya duba hagu, ya tattara riga ya zauna.

Ashe gidan cike yake da mata, sun yi layi. Kuma tun da ba a ganin fuska, kowace ta saki baki. Ta farko ta ce injin niƙa ɗaya ne a unguwa, in ya lalace sai an tsallaka gari da kwano a kai. Ta biyu ta ce hannun famfon burtsatse ya karye tun kafin azumi, da igiya aka ɗaure shi, maza suna wucewa ta gabanshi kullum za su shan shayi. Ta uku ta ce, "Ni dai na ji wani ya ce a gina wa unguwa ƙofa mai fitila. Ina roƙon taro ya taya ni tambayarshi, ƙyauren ɗakin girkinmu da ya faɗi tun bara fa?" Duk aka juya ana duban Malam Sani tela. Na kusa da shi ya ce, "Malam, wannan kamar muryar gidanka." Tela ya ce bai gane muryar ba. Ƙaho ya ce, "Ka gane." Mutane suka kwanta a kan tabarmi. Wani tsoho ya yi dariya har hularshi ta faɗa kan butar Liman. Daga nan duk muryar da ta fito sai ka ga magidanci ɗaya ya sunkuyar da kai tun ba ta gama sallama ba.

Sai Hajiya ta karɓa ta ce a saurara, ga Hinde matar Bala mai kabu-kabu. Muryar ƙarama ce, sai da na ƙara mata ƙarfi. Ta ce da daminar da ta wuce naƙuda ta zo mata da gardama, Hajiya ta ce sai asibiti. Aka sa ta a amalanke aka nufi gari, aka tarar rafi ya cika ya batse. Tun azahar suke gaɓa, asibiti ga shi can ana hangen rufinshi, har la'asar sakaliya. A nan ta haihu, mata sun kewaye ta da zannuwa, ruwan sama yana dukansu. Ta ce ba ta san lokacin da aka tsallaka da ita ba, sai bayan kwana biyu ta farka. Tana cikin magana yaron da ke hannunta ya cafki makirufo ya kai baki, ya yi gwaranci, ya saki kuka. Kukan ya fito ta ƙaho uku ya cika unguwa. Hinde ta ce, "Shi ne. Aliyu sunanshi, amma Ɗanrafi ake ce mashi."

Hajiya ta ce, "Wannan Allah ya raya. Daminar da ta gabace ta, a wurin nan dai, Saude matar Malam Haruna ba ta tsallaka ba. A hannuna ta cika." Malam Haruna yana zaune a layi na biyu, ina ganin ƙeyarshi. Hajiya ta ce, "Ba mu ƙi shataletale ba. Amma kwalbati muke so a rafin nan kafin ruwa ya sauko."

Alhaji Lawal ya miƙe ya ce wannan aikin gwamnati ne, ƙungiya ta rubuta takarda ba sau ɗaya ba. Hajiya ta ce ta sani, a ci gaba da rubutawa. Amma dutse yana nan bayan unguwa, yashi yana cikin rafin, maza kuwa ga su nan har tabarmi sun yi masu kaɗan. In za su fito duk Asabar, mata sun ɗauki abinci.

Malam Haruna ne ya fara tashi. Bai ma jira makirufo ba, ya ce shanunshi da amalankenshi na aikin ne har a gama. Sai Malam Ɗanjuma ya sake ɗaga hannu, wannan karon da gudu na kai mashi. Ya ce kafin ya koma noma birkila ne, ya yi shekaru yana gina kwalbati a kamfanin hanya. In za a ba shi siminti da rodi da hannuwa, ya san yadda ake yi. Mai shataletale ya ce ya janye furanni, ya ɗauki siminti. 'Yan Kaduna suka ga ba za a bar su a baya ba. Na yi ta gudu tsakanin tabarmi har waya ta harɗe mani ƙafa. Alhaji Lawal ya ga taro yana neman wuce shi, ya fizge makirufo ya ce rodi duka nashi ne, kuma dama abin yana ranshi. Daga ƙaho wata murya ta ce, "Allah shi saka, Alhaji." Ya tsaya cak, don ta gidanshi ce.

Da aka watse ina naɗe waya ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Ni da kai za mu gamu." Kwana goma ko gaisuwata ba ya amsawa, wani biki da aka ce nawa ne aka ba wani. Ran na sha ɗaya ya aiko in zo. Na je ina shirin jin sallama, sai ya ce, "Asabar ka ɗaure ƙaho a babur. In ba a tashe su ba, ba za su fito ba."

Wannan shi ne aikin da na fi jin daɗi a rayuwata. Asabar ta farko kowa ya fito. Ta uku aka fara ciwon baya da zuwa gaisuwar rasuwa a garuruwan da ba a yi rasuwa ba. Sai mata suka riƙa aika wa Hajiya sunaye, ita kuma ta ba ni. In tsaya a ƙofar gida da hantsi in buɗe murya: "Malam wane, an ce kana ɗaki bayan buhun masara. Jama'a suna gaishe ka, suna jiranka a rafi." Sai ka ga mutum ya fito yana saka riga, yana harara ta cikin gida. Mai shayi ya ce shi sana'arshi ba ta barinshi, aka ɗauko teburin da tukunyar aka dasa mashi a bakin rafi. Malam Ɗanjuma kuwa ba ya wasa. Ya sa aka haƙa har aka tarar da ƙasa mai tauri, ya ƙi karɓar yashin da ke da laka, ya sa Alhaji Lawal da kanshi ya sake kwaɓa siminti don ya cika ruwa. Ni aikina in kafa ƙaho a gaɓa, in kira masu dutse, in kira masu ruwa, in rana ta yi in sanar tuwo ya iso. Wannan sanarwar ba a taɓa cewa ba a ji ta ba.

Muka gama ana saura kaɗan damina ta faɗi. Baki biyu aka yi mata, faɗinta daidai amalanke ko ƙaramar mota. Ba kyakkyawa ba ce, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya tudu, har yau tela yana cewa da an sa mata fitila. Ruwan farko da na biyu ba su kawo rafi ba. Kowa yana wucewa a kai yana buga ƙafa, amma a zuci ana jiran ranar gwaji.

Ta zo wata Talata da rana. Hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun azahar. Yana tsagaitawa maza suka fito cikin yayyafi, da buhu a kai, aka yi cirko-cirko a gaɓa. Na naɗe batir da amfilifaya cikin leda na ɗora a baro, na kafa ƙaho ɗaya yana duban unguwa. Can sai ga ruwa ya taho, ja, ɗauke da karare da reshen itace. Ya daki kwalbati ya taru, ya hau, ya hau, har saura kamar tafin hannu ya shafe samanta. Malam Ɗanjuma yana tsaye a tsakiyarta ya harɗe hannuwa, an ce ya sauko ya ƙi. Sai wani reshe da ya tokare baki ɗaya ya karye, ruwan ya sami hanya ya faɗa ciki da ƙugi, ya fita ta ɗaya gefen. Bala mai kabu-kabu ya tayar da babur ya haye, ya juyo, ya sake hayewa.

Alhaji Lawal ya matso, rigarshi sharkaf, ya ce, "Rabe, sanar da su cikin gida."

Na ɗaga makirufo zan yi magana, sai na ga babu abin da zan faɗa da ya kai abin da kunnena ke ji. Na sa shi cikin leda na ɗaure a bakin gora, na kwanta rub da ciki a kan kwalbati, na zura shi daidai inda ruwa yake fita, na ce a murɗa har ƙarshe. Ƙugin ruwan ya fita ta ƙaho ya shiga unguwa, lungu-lungu.

Ba a daɗe ba guɗa ta tashi daga gidan Hajiya Tabawa. Gidan da ke kusa ya karɓa, na gaba ya karɓa. Muna tsaye cikin yayyafi, jiƙe, muna bin ta da kunne, har ta kai gidan ƙarshe na bakin gonaki ta juyo.